Daga Ƙwan Kaza zuwa Maganin Ido: Rayuwa da Binciken Rita Levi-Montalcini

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Da kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan ilimin kimiyya da amfaninsa, sai na ga in na tsaya jero fa'idodin ilimi ɗaya bayan ɗaya, babu abin da zan faɗa wanda ba ku sha ji ba. Saboda haka na zaɓi in kawo muku tarihin mutum guda, wata likita 'yar ƙasar Italiya mai suna Rita Levi-Montalcini, wadda ta rayu shekara 103, ta kuma ƙarar da mafi yawansu wajen bin diddigin tambaya guda: me ke sa jijiyoyin ɗan tayi su tsiro har su kai inda ya kamata, kuma me ke raya su in sun kai?

Akwai dalilin da ya sa na zaɓe ta. Mu da muke zaune a birni, 'yan kasuwa da ma'aikata, in aka ce mana wane yana bincike, abin da muke fara tambaya shi ne me zai haifar, kuma yaushe. Tambaya ce mai ma'ana, sai dai a tarihin wannan baiwar Allah amsar ba ta zo ba sai bayan an binne mai binciken.

Kafin in shiga, bari in warware wata kalma. A Hausa hanyar jini jijiya ce, igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi ita ma jijiya ce, haka nan zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Wannan ta ukun nake nufi duk inda na ce jijiya. Kowane zare a cikinta ya fito ne daga wata 'yar ƙwayar halitta da ke zaune a ƙwaƙwalwa, ko a laka, ko a wasu 'yan curi-curi da ke jere a gefen ƙashin baya. Zaren da ke motsa babban yatsan ƙafar mutum daga laka ya taso, kuma tsawonsa kan kai kimanin mita guda.

Asalinta da karatunta

An haifi Rita a birnin Turin da ke arewacin Italiya ranar 22 ga Afrilu, 1909, ita da tagwaiyarta Paola, a gidan Yahudawa masu rufin asiri. Mahaifinsu, Adamo Levi, injiniyan lantarki ne, mahaifiyarsu Adele Montalcini kuwa mai zane ce. Duk da ilimin mahaifin, ra'ayinsa shi ne jami'a ba wurin 'ya mace ba ne, domin a ganinsa aiki zai hana ta riƙon gida. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnen kowa a zauren nan. Sai da Rita ta kai shekara 20, bayan matar da ta raine su ta rasu da sankarar ciki, sannan ta tunkari mahaifinta ta ce likita take so ta zama. Ya amince, ko da yake ba da son ransa ba. Cikin wata 8 ta cike giɓin da take da shi na Latin da Girkanci da lissafi, ta shiga sashen likitanci na Jami'ar Turin a 1930, ta gama a 1936 da sakamako mafi daraja.

Malaminta a can shi ne Giuseppe Levi, masanin ƙirar naman jiki, mutum mai zafin rai da tsananin ƙa'ida, wanda sunansu ne kawai ya zo ɗaya, ba su haɗa dangi ba. A hannunsa ta koyi rina jijiya da ruwan azurfa, ta yadda kowane zare zai fito baƙi ƙirin a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Abin lura a nan shi ne, uku daga ɗaliban wannan malami sun sami lambar Nobel daga baya: Salvador Luria a 1969, Renato Dulbecco a 1975, sai Rita a 1986.

Ɗakin kwana ya zama ɗakin bincike

A 1938 gwamnatin Mussolini ta kafa dokokin wariyar jinsi waɗanda suka haramta wa Yahudawa aiki a jami'o'i. Rita ta rasa gurbinta. Ta tafi Beljiyam ta ɗan yi aiki a wata cibiyar nazarin jijiyoyi, amma ta dawo gida kafin sojojin Jamus su mamaye ƙasar a 1940. Tana wannan zaman ne ta karanta wata maƙala da wani masani Bajamushe mazaunin Amurka, Viktor Hamburger, ya buga a 1934. Shi Hamburger ya yanke tsiron fiffike daga jikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai tun yana 'yan kwanaki, sai ya ga ƙwayoyin jijiyar da ya kamata su shiga wannan fiffike sun ragu ƙwarai. Fassarar da ya yi ita ce, fiffiken ne ke aika saƙon da ke sa a samar da ƙwayoyin, in babu shi ba za su samu ba tun farko.

Rita ta ƙuduri aniyar maimaita gwajin, ta kuwa yi shi a ɗakin kwananta. Ta wasa allurar ɗinki ta mayar da ita wuƙar fiɗa, ta samo ɗan hantsakin masu gyaran agogo da ƙaramin almakashin likitocin ido, aka haɗa mata akwatin ɗumama ƙwai. Tsohon malaminta, wanda shi ma doka ta kora, ya dawo ya zama mataimakinta. Da ruwan bama-bamai ya tsananta a Turin, iyalin suka koma wani gida a ƙauye, ta sake kafa kayanta a can. Takan hau keke ta bi gonaki tana neman ƙwai, tana cewa yara za ta ba, tana kuma roƙon a ba ta na kajin da ke tare da zakara. Da yake lokacin yunwa ne, in ta gama aiki da ƙwan sai a soya shi a ci.

Bambancin aikinta da na Hamburger shi ne haƙuri. Ita ba ta jira ƙarshe ta ƙidaya abin da ya saura ba. Ta riƙa buɗe ƙwai a matakai daban-daban, kusan kullum, tana yanka ɗan tayin siriri-siriri, tana rinawa, tana ƙidayawa. Sai ta ga abin da ya kuɓuce masa: ko da an yanke tsiron gaɓar, ƙwayoyin jijiyar suna samuwa yadda aka saba, suna girma, suna miƙa zarensu wajen da gaɓar take a da, sa'an nan in ba su tarar da komai ba sai su motse su mutu. Ashe gaɓa raya su take yi bayan sun iso. Da yake mujallun Italiya ba sa karɓar rubutun Bayahude, a Beljiyam da fadar Paparoma aka buga sakamakon.

A watan Satumba na 1943 Jamus ta mamaye Italiya, aka shiga kamen Yahudawa ana tura su sansanonin mutuwa. Iyalin suka gudu birnin Florence, suka zauna da sunayen aro har sojojin ƙawance suka ƙwace birnin a watan Agusta na 1944. Daga nan ta yi aikin likita a sansanin 'yan gudun hijira inda annoba ke cin mutane, kafin ta koma Turin a 1945.

Ɓeraye biyu a aljihu

A nan Hamburger ya nuna dattako. Ya karanta maƙalar da ta saɓa wa fassararsa, maimakon ya yi fushi sai ya gayyaci marubuciyar zuwa Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis domin su duba wane ne mai gaskiya. Ta isa a 1947 da niyyar yin 'yan watanni, ta ƙare da yin shekara 30. Gaskiyarta ta tabbata. Hasali ma a maƙalar da suka buga tare a 1949 sun nuna cewa ko a ɗan tayi lafiyayye, wanda ba a yanke masa komai ba, ƙwayoyin jijiya masu yawa suna mutuwa a lokacin girma.

To mene ne gaɓa ke ba jijiya wanda ke raya ta? Hanyar amsar ta ɓullo daga inda ba a zata ba. A 1948 wani tsohon ɗalibin Hamburger, Elmer Bueker, ya dasa ƙarin sankara na ɓera a jikin ɗan tsako na cikin ƙwai, sai jijiyoyi suka kutsa cikin ƙarin. Da Rita ta maimaita, ta ga abin ya wuce haka: jijiyoyi sun yi yawa fiye da kima, sun mamaye kayan ciki, har da wuraren da ba su da hulɗa da ƙarin. Sai ta dasa ƙarin a kan tantanin da ke lulluɓe da ɗan tayin, nesa da jikinsa, inda jini kaɗai ya haɗa su. Sakamakon bai canza ba. Wannan ya nuna mata cewa ƙarin yana zubo da wani sinadari ne wanda jini ke ɗauka.

Domin ta tabbatar a wajen ƙwai, sai ta tafi birnin Rio de Janeiro na ƙasar Barazil a 1952, wurin wata tsohuwar ƙawarta, Hertha Meyer, wadda ta ƙware wajen raya naman jiki a cikin gilashi. Ɓeraye biyu masu ɗauke da ƙarin ta ɓoye a jikinta ta shiga jirgi da su. A can ta ajiye ɗan curin ƙwayoyin jijiya kusa da gutsuren ƙarin, ba tare da sun taɓa juna ba. Kafin a kwana a wuni, zaruruwa suka fito daga curin ta kowane ɓangare, suka kewaye shi tamkar hasken rana. Gani ya kori ji. Wannan kewayen ya zama ma'aunin da aka yi shekaru ana amfani da shi wajen gane ko sinadarin yana cikin abu ko babu.

Dafin maciji

Rita ba masaniyar haɗa sinadarai ba ce, kuma ta san haka. A 1953 wani matashi mai suna Stanley Cohen ya shigo aikin domin ya tace sinadarin, a 1954 kuma suka raɗa masa suna sinadarin girman jijiya, wanda masana ke taƙaitawa da haruffan NGF. Suna son sanin ko furotin ne ko kuwa dangin sinadarin gado ne, sai wani abokin aikinsu, Arthur Kornberg, ya ba da shawarar a zuba dafin maciji, domin yana narkar da sinadarin gado. Da aka zuba, maimakon kewayen zaruruwan ya ɓace sai ya ƙara kauri. Ashe dafin kansa ya fi ƙarin ɗauke da sinadarin nesa ba kusa ba. Cohen ya yi tunani: in tsokar da ke samar da dafin maciji tana da shi, to a duba takwararta a jikin ɓera, wato wadda ke ƙarƙashin muƙamuƙi tana samar da yawu. Aka duba, aka same shi jibge, musamman a jikin namiji. Wasu za su ce sa'a ce. Sa'a ce kam, amma da ba su da ma'aunin da Rita ta samo a Barazil, da dafin ya wuce ta gabansu ba su ga komai ba.

Hujjar da ta rufe bakin masu shakka ta zo a 1960. Suka samar da sinadarin garkuwa mai kama NGF ya hana shi aiki, suka yi wa jariran ɓeraye allurarsa. Kusan dukkan wani rukuni na ƙwayoyin jijiya, waɗanda ke daidaita bugun zuciya da faɗin hanyoyin jini, ya mutu. Cohen kuwa, wanda ya koma Jami'ar Vanderbilt a 1959, ya lura cewa jariran ɓerayen da aka yi wa allurar ruwan wannan tsoka suna buɗe ido da fitar da haƙori kafin lokaci. Bin wannan ya kai shi ga gano sinadari na biyu a 1962, na girman fata, wato EGF.

Abin da duniya ta koya daga wannan aiki yana da sauƙin faɗa. Jiki yana samar da ƙwayoyin jijiya fiye da bukata, kamar yadda manomi ke zuba irin gero da yawa a rami guda, in sun tsiro ya cire wasu. A sassa da dama kusan rabinsu ne ke mutuwa tun ana ciki ko jim kaɗan bayan haihuwa. Sai dai manomi mai ƙarfi yake bari, jiki kuwa wadda ta isa inda aka aike ta yake bari, domin a can ne ake samun ɗan sinadarin da ba ya isar kowa. Da haka adadin jijiyoyi ke daidaita da girman gaɓar da za su yi wa aiki. Daga baya aka gano NGF yana da 'yan'uwa. A 1982 Yves-Alain Barde da Hans Thoenen suka tace ɗaya daga ƙwaƙwalwar alade a Jamus, wato BDNF, wanda shi ne ya fi yawa a cikin ƙwaƙwalwa, yana kuma da hannu wajen koyo da riƙe abin da aka koya.

A 1986 aka ba Rita da Cohen lambar Nobel ta likitanci. Ba a sa Hamburger ba, kuma masana da dama sun ga an rage masa haƙƙi. Ni ma ina cikin masu wannan ra'ayi, domin tambayar tasa ce, ɗakin binciken nasa ne. Abin ya kuma sanyaya zumuncin da ke tsakaninsu.

Doguwar hanya zuwa magani

Da aka sami sinadarin da ke raya jijiya, kowa ya ɗauka maganin cututtukan jijiya ya zo. Abin bai tafi haka ba. A ƙarshen shekarun 1990 an gwada allurar NGF a kan masu ciwon sukari waɗanda ƙafafunsu suka daina ji, babban gwajin bai nuna amfani ba, ga shi kuma wurin allurar yana yi musu zogi. An gwada shi a kan cutar mantuwa ta tsufa, har da shigar da ƙwayar gadonsa cikin ƙwaƙwalwa ta hanyar fiɗa, nan ma ba a ga bambanci ba. Daga cikin matsalolin akwai cewa furotin ne mai girma, ba ya iya tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, in an haɗiye shi kuma ciki zai narkar da shi kamar nama. Don haka in kun ji mai talla da lasifika a bakin tasha yana cewa ƙwayarsa tana tsirar da jijiyar ƙwaƙwalwa, ku tuna cewa manyan kamfanoni sun zuba dukiya a kan wannan ba su cim ma ba.

Zogin nan da ya ɓata gwajin farko ya buɗe wata ƙofa. An fahimci cewa a jikin babba NGF yana ƙara kaifin jin ciwo, kuma yaran da aka haifa da lahani a makarɓar wannan sinadari ba sa jin zafi sam, ba sa kuma gumi. Sai masana suka juya, suka haɗa maganin da ke toshe NGF domin ciwon gaɓoɓi. Ya rage ciwon, amma a wasu marasa lafiya gaɓar ta lalace da sauri, saboda haka aka dakatar da shi a 2021. Irinsa dai ya sami amincewa ga karnuka da kyanwoyi masu ciwon gaɓa.

Inda aikin mutanen biyu ya fi ceton rai, abin mamaki, shi ne a fagen sankara. An gano cewa wasu nau'o'in sankara suna bunƙasa ne saboda makarɓar sinadarin girma ta maƙale a buɗe. Maganin sankarar mama mai suna trastuzumab, wanda aka amince da shi a 1998, 'yar'uwar makarɓar EGF yake toshewa, akwai kuma wasu na sankarar huhu da ta hanji da ke toshe ita makarɓar EGF ɗin kanta. A 2018 aka amince da larotrectinib, wanda ke toshe dangin makarɓar NGF a cikin ƙarin da ya taso daga gare su.

Shekarunta na ƙarshe

Rita ba ta yi aure ba, kuma ta sha faɗa cewa zaɓinta ne. Tun 1962 ta buɗe ɗakin bincike a birnin Rum, tana raba shekara tsakaninsa da Amurka, har ta yi ritaya daga St. Louis a 1977 ta dawo gida. A 1992 ita da Paola suka kafa gidauniya domin tunawa da mahaifinsu, mutumin da ya so hana ta jami'a, daga baya kuma gidauniyar ta mai da hankali ga biyan kuɗin karatun 'yan mata da matan Afirka, inda dubbai suka amfana. A 2001 Shugaba Carlo Azeglio Ciampi ya naɗa ta sanata ta tsawon rai. A 2006, tana da shekara 97, gwamnatin Romano Prodi na da ƙaramin rinjaye a Majalisar Dattawa, sai ta ce ba za ta jefa wa kasafin kuɗi ƙuri'a ba in aka zaftare kuɗin bincike, dole aka sassauto. A 2002 kuma ta kafa cibiyar binciken ƙwaƙwalwa a Rum, inda ta ci gaba da zuwa duk da idanunta sun yi rauni ƙwarai. Ita ce ta farko cikin masu lambar Nobel da ta cika shekara 100.

Ta rasu a Rum ranar 30 ga Disamba, 2012, aka kai ta makwancin danginta a Turin. A 2017, shekara 65 bayan abin da ta gani a Rio de Janeiro, Tarayyar Turai ta amince da wani magani da aka yi da NGF kansa, Amurka ta bi a 2018. Maganin ɗigawa ne a ido mai suna cenegermin, wanda wani kamfanin Italiya ya haɗa domin wata cuta da ba ta da yawa, inda jijiyar fatar nan mai garai-garai da ta rufe baƙin ido ke mutuwa, fatar ta yi gyambo har mutum ya makance. Ana ɗiga shi sau 6 a rana na tsawon mako 8.